Wa Ke Yi Wa Maɓalli Kitso?

Gidan da muka zauna a lokacin bene ne a bakin titi. A ƙasa shaguna uku ne a jere: mai aski, sai ɗana Auta da keken ɗinkinsa, sai mai burodi. A sama kuma ɗakunanmu biyu, da ɗan kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya juya. An rushe gidan yanzu, an ce wurin ajiye motoci aka yi. Amma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar keken nan tana hawowa ta cikin daɓe, ƙamshin burodi yana biye da ita.

A nan jikata ta tashi. Maɓalli muke ce mata, don ranar da ta fara rarrafe ba ta nufi kowa ba sai gwangwanin maɓallan ubanta, ta kifar da shi, muka wuni muna tsinta muna duba bakinta. Uwarta kuwa Akawu ake kiranta, don aikin ofis take yi, ga rubutu kamar na inji. Yarinyar tana da shekara ɗaya da 'yan watanni aka ba Akawu aiki a wani gari mai nisa, tafiyar wuni guda a mota. Wata shida aka ce. Wata shida ya zama shekara, shekara ta zama biyu, auren ya yi ta sirancewa har ya tsinke, ba faɗa ba zagi. Ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba. Tana zuwa duk hutu, tana bugo waya, tana aiko da takalma, ko da yake kullum in ba su yi kaɗan ba sun yi yawa.

Ni kuma na tattaro kayana na dawo wurin Auta, wai in taya shi riƙo. Wai. Hannuwan nan nawa tun lokacin sun riga sun ƙi ni. Ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe yatsun, ko murfin kwalba ba na iya buɗewa, balle matse wanki. Abin da na iya shi ne zama da surutu, wannan kam ba a taɓa raina ni ba.

Saboda haka Auta ne ke yin komai. Shi ke ɗora ruwan wanka, ya gwada zafinsa da gwiwar hannu. Shi ke wanke kayanta ya shanya a bayan kicin. Ya ɗinka wata 'yar jaka mai igiya yana rataya ta a ƙirji, yana taka keke tana barci, har ta kai in keken ya tsaya sai ta farka da kuka. Da ta fara cin abinci, shi ya gane ba ta cin shinkafa in miya ta taɓa ta, sai an zuba miyar a gefe, ita ta haɗa da kanta. Maganin tari kuwa ba ya wucewa sai an toshe mata kunnuwa, ba hanci ba, kunnuwa. Kada a tambaye ni dalili.

Kitso ne ya ba shi wahala. Gashinta ya cika, ni ba hannu, mai kitson unguwa kuma hannunta zafi, yarinyar ta yi kwana biyu ba ta iya ɗora kai a matashi. Sai Auta ya ɗaure tufkar zaren ulu a bayan kujera, ina zaune ina ba shi umarni da baki: “Raba uku. Na dama kan na tsakiya. Ɗebo kaɗan. A'a, Auta, ba labule kake naɗewa ba!” Mako uku yana fama da kujera kafin ya taɓa kan 'yarsa. Daga nan duk Lahadi sai ya sauke ƙofar shago rabi, ya zaunar da ita a kan akwatin yadi tsakanin ƙafafunsa, ya yi tsaga miƙaƙƙiya kamar ya ɗora abin awo. Tana yi masa tatsuniyar da ba kai ba gindi, yana amsawa da mataji a baki. Ni ina kan kujera ina gyangyaɗi. Ban san a lokacin ba cewa daɗin duniya ne nake zaune a cikinsa.

Wata rana mai aski ya leƙo neman aron almakashi, ya tarar da Auta yana wanke wa yarinyar wando. Shi ke nan. Washegari duk masu zaman bencinsa sun sa masa suna.

“Inna Tela, an tashi lafiya? Ya mai jiki, ya goyo?”

“Lafiya lau. Kai ma kawo naka in wanke, na ga ya kwana biyu.”

Shi dariya yake yi. Ni ce abin ya tsaya wa a rai. Ɗana, autana, a mai da shi abin nishaɗin masu zaman banza? Sai na fara rufa masa asiri, a ganina. Matar mai burodi ta ce, “Kai, wa ya yi wa Maɓalli kitson nan?” Na ce, “Wa kuwa, in ba tsohuwa ba?” Ta ce in yi wa 'ya'yanta, na ce hannuna na jika ɗaya ne. Ranar da aka sa ta makaranta Auta yana da ɗinkin gaggawa, ni na je, malama ta tambayi wanda ke kula da yarinya a gida, na dafa ƙirji, ta rubuta “kaka”. Ko Akawu in ta bugo waya haka nake ce mata: “Kwantar da hankalinki, 'yata, tana hannuna, ni nake mata komai.” Ƙarya ce ƙarama, mai laushi, na yi ta shafa ta har na saba da ita.

Maɓalli tana da shekara shida aka kawo takardar kotu. An maido Akawu aiki kusa da mu, ta samu gida mai ɗaki biyu kusa da makaranta mai kyau, tana neman a ba ta riƙon 'yarta. Auta ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune, sannan ya koma kan keke ya ɗinke hannun riga a wuya.

Lauyar da ya samu 'yar siririya ce mai saurin magana, ofishinta a saman wani kantin magani. Ta ce mana kotu ba ta tambayar wa ya fi son yaro, don kowa zai rantse. Abin da take so ta sani shi ne hannun wa yaron yake ciki yau da gobe: wa ke tashinsa, wa ke masa wanka, wa ke kai shi asibiti, wa malamai suka sani. Ta ce a kawo takardu. Muka kawo. Katin asibiti sunan uwa ne a kai tun ranar haihuwa, ba wanda ya yi tunanin canzawa. Takardar makaranta kuwa, ga “kaka” nan ɓaro-ɓaro. Lauya ta ɗago ta dube ni, na duba fanka.

Ta ce, “Ba komai. Za a turo jami'ar kula da yara ta ga gidan da idonta. Ku faɗa mata gaskiya kawai.”

Jami'ar ta zo ranar Talata da hantsi, ba sanarwa. Doguwa ce, da wata jaka kamar za ta yi ƙaura, shi ya sa na sa mata Mai Jaka. Yarinya tana makaranta, Auta ya tafi kasuwa sayen zik. Na ce ta hawo, na nuna mata inda butar shayi take ta haɗa mana da kanta. Ta duba gadon Maɓalli, ta duba kicin, ta buɗe littafi ta zauna. Ni kuwa an samo mini mai saurare.

Ga abin da ya shiga kaina, kuma Allah ya sani da kyakkyawar niyya. Na ce a raina, wace hukuma ce za ta bar 'ya mace a hannun namiji shi kaɗai? In suka ji shi ke wanka da wanki, cewa za su yi yarinya ba ta da mace a kanta, su ɗauke ta. Gara su ji akwai tsohuwa tsaye, shi kuma su gan shi namiji mai neman na kansa.

“Wa ke mata wanka da safe?”

“Ni mana.”

“Abinci fa?”

“Ni. Wanki ni, kitso ni. Shi ina ya ga ta yara? Tun safe yana kan kekensa har rana ta faɗi, ko kai ba ya ɗagawa. Ba a yi mai ƙwazo irinsa ba a layin nan.”

Tana rubutu ina ƙarawa. Na ga ta kalli yadda nake tallafe kofi da tafukan hannu biyu, ta rubuta wani abu, na ɗauka yabo ne. Da ta sauka ta tsaya wurin matar mai burodi, ita ma ta ce ai duk unguwa an sani, tsohuwa ce ke riƙe da yarinya. Na raka ta har bakin titi ina jin kaina kamar na ci jarrabawa.

Bayan kwana goma lauya ta kira mu. Ta karanta mana rahoton a hankali, ita da ba ta iya magana a hankali ba. Uba yana aiki wuni guda, ba ya cikin hidimar yarinya. Kulawa duka tana hannun kaka, mai shekaru, mai ciwon hannu da ke ƙaruwa. Ana ganin uwa za ta fi iyawa.

Auta bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya juyo ya ce, “Inna, me na yi miki?”

Na ce, “Rufa maka asiri na yi.”

“Wane asiri? 'Yata ce. Wanke wa 'yata wando ne asiri?”

Garin gyaran gira na tsone ido. Muka dawo gida a mota ɗaya. Da yamma na ji shi a kicin yana zuba wa Maɓalli miya a gefe, tana ba shi labarin wata 'yar ajinsu da haƙorinta ya fita, yana cewa “to, to”.

Lauya ba ta zauna ba. Ta samo wasiƙar malamar aji cewa uban ne ke kawo yarinya yana ɗaukarta, ta samo ta wata ma'aikaciyar asibiti da ta tuna “telan nan mai zuwa da yarinya a ƙirji”. Amma ta ce wannan kai-da-kawowa ne, ba ya rushe abin da na faɗa da bakina a cikin ɗakina. Sai na tsaya gaban alƙali na warware. Ta kuma gargaɗe ni: lauyan Akawu zai ce tsohuwar da ta yi ƙarya sau ɗaya, me zai hana ta yi sau biyu don ɗanta?

Ɗakin kotun ƙarami ne, bai kai yadda nake zato ba. Benci huɗu, agogon bango da ya tsaya, alƙali dattijo mai tabarau a kan karan hanci. Akawu tana can gefe cikin riga ruwan toka. Da na shigo ta ɗan rusuna daga inda take, ta ce, “Inna, ina kwana.” Na amsa. Ai ba gaba muke ba.

Aka rantsar da ni. Na faɗi komai: wanka, wanki, kujera da zaren ulu, toshe kunne, har sunan da mai aski ya sa. Wani a baya ya yi dariya, alƙali ya dube shi ta saman tabarau ya haɗiye ta. Sai lauyan Akawu ya miƙe, mai ƙiba, mai ladabi kamar zai roƙi alfarma.

“Baba, ki yi haƙuri da ni. Ranar da jami'a ta zo kin ce ke ce. Yau kin ce ɗanki ne. Wace rana kika yi ƙarya?”

“Ran nan. Da shekara biyar kafin ran nan.”

“To mu ta yaya za mu sani?”

Na ɗaga hannuwana sama, yadda kowa zai ga yatsun. Na ce, “Ɗana, ba ni biron nan naka in ka ga na cire murfinsa, ka ɗaure ni.”

Ya yi murmushi. “Wannan ya nuna ba ke ba ce, Baba. Bai nuna shi ne ba. Wataƙila maƙwabta ne, wataƙila mai kitso ake biya.”

Na sauke hannuwana. Na duba Auta, kansa a ƙasa. Sai na juya wajen surukata, na manta da alƙali da tabaransa.

“'Yata, ke kin tsefe kan nan da hannunki a hutun da ya wuce. Faɗa musu abin da kika gani.”

“Baba, da ni za ki yi magana, ba da ita ba,” in ji alƙali. Amma na ga ya rubuta.

Da aka zo kan Akawu, lauyanta ya yi mata tambayoyinsa, gida, makaranta, lokacin tashi daga aiki, ta amsa tsaf. Ta ce ba ta zo don ta ƙwace ba. Ta ce shekara biyar ana gaya mata a waya Inna ce ke yin komai, ta zo hutu ta ga hannuwan Inna, ta koma ta kasa sukuni: in tsohuwar nan ta kwanta, wa zai riƙe mata 'ya? Ina zaune na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ashe ba rahoton kaɗai na ɓata ba, ƙarar ma ni na haife ta.

Alƙali ya cire tabarau ya ce, “Tsohuwa ta ce kin tsefe kan yarinya. Me kika gani?”

Akawu ta dubi inda Auta yake. Lauyanta ya ɗan motsa.

Ta ce, “Ƙarshen kowane kitso an ɗaure shi da baƙin zaren ɗinki. An naɗa sau uku, an bi ta ƙasa, an ja, sannan an ɓoye bakin zaren a ciki. Ba ya kwancewa da farce, sai da na nemo almakashi.”

“Kin san mai irin wannan ɗauri?”

“Haka yake ɗaure maɓallan rigunan aikina. Har yau akwai biyu da nake sawa, ko ɗaya bai faɗi ba.” Ta share ido da bayan hannu. “Na gaya wa kaina Inna ce ta ari zarensa. Amma na san ɗaurin, ranka ya daɗe. Na sani tun ranar.”

Alƙali ya juya wajen Auta ya yi masa tambayoyi a jere, kamar mai gwada ɗalibi. Lambar takalminta? Ya faɗa, ya ƙara da cewa ƙafar hagu ta fi ta dama kaɗan. Me take tsoro? Ƙarar injin niƙa da mutum mai hular kwano. Yaushe ta yi zazzaɓi na ƙarshe? Ya faɗi watan, da maganin, da wanda ya sa ta amai aka canza. Akawu ta buɗe jaka ta ciro takarda, ta fara rubuta abin da yake faɗa. Ba don shari'a ba, na gane, don kanta.

Aka ɗaga zama zuwa mako biyu, aka ce Mai Jaka ta sake zuwa. Ta zo ranar Lahadi wannan karon, ta zauna a shago kan kujerar masu jiran ɗinki, ta kalli abin da ake yi daga tsaga har ɗauri. Ni aka ce in hau sama in huta. Na gane, na hau.

Ranar hukunci mun bar Maɓalli wurin matar mai burodi. Alƙali ya ce yarinya za ta ci gaba da zama hannun ubanta, inda ta saba, ta yi makarantarta. Uwa tana da ƙarshen mako biyu a wata, da rabin kowane hutu, kuma a sa sunan iyayen biyu a takardun makaranta da na asibiti. Sannan ya dube ni ya ce, “Baba, nan gaba in jami'a ta zo, a ba ta shayi kawai.”

A bakin ƙofa Akawu ta same ni. Na riƙe hannunta da nawa yadda suka iya, na ce ta yafe mini, ni na ɗaga mata hankali a banza. Ta ce, “Inna, da na riƙa tambayarsa shi ma.” Ta juya ga Auta, suka tsaya nesa-nesa kamar baƙi a tashar mota. Ta ce za ta zo ranar Asabar da safe. Ya ce a zo da takalmi lamba ɗaya sama da na da.

Da muka iso gida, matar mai burodi ta tare mu a ƙofa ta ce yarinyar ta ƙi wasa tun safe, ta hau sama ta ce tana da aiki. Muka hau. Tana zaune a bakin gado, ta sa takalmi, jakar makarantarta a kan cinya, ta cika har zik ya ƙi rufuwa. Ba wanda ya gaya mata komai, amma yaro kunne gare shi. Hannun rigar barcinta yana leƙowa, da kofinta na roba, da ɗan matashin da ba ta barci sai da shi.

Ta dubi ubanta, ta dube ni.

Ta ce wa uban, “Baba, tafiya zan yi?”

Ya durƙusa a gabanta. “A'a. Nan za ki zauna. Ranar Asabar Mama za ta zo ku je ki kwana biyu, ki dawo.”

“In dawo nan?”

“Nan.”

Ta yi tunani, ta ce, “To in kwashe kayan?”

“Kwashe. Amma bar kofin a ciki, kada mu manta da shi ran Asabar.”

Ta zazzage jakar a kan gado gaba ɗaya, ta ce yunwa take ji.